Kada Kuɗin Awa Ya Zama Lissafin Dokin Rano

Ƙannena da 'ya'yana na Rano da Kibiya,

Har gobe yawancin aikin da ake yi a ƙasarmu ba da agogo ake auna shi ba. Mai ƙwadago yakan shiga gona da sassafe, ya tashi in azahar ta gabato, a biya shi kuɗin yininsa. Wani kuma jinga yake ɗauka: a nuna masa gona daga wannan iyaka zuwa waccan, a yi ciniki, ya gama yau ko jibi, ruwansa. Mai tantan a kan eka yake karɓar kuɗinsa, mai injin casa a kan buhu, mai niƙa a kan kwano. Duk waɗannan ma'aunai ne da ido yake gani. Ba wanda zai nuna wa manomin Tarai ko na Rurum buhu tara ya ce masa goma ne, ya yarda.

To, amma awa ta fara shigowa, kuma ta hannunku take shigowa. Katafilar da ake kawowa haƙar kududdufi ko gyaran hanya, sau da yawa a kan awa ake ɗaukar hayarta. Mai ba da hayar janareta a gidan biki, da mai injin ban ruwa da zai shayar da gonar maƙwabcinsa da rani, da malamar da ke yi wa yara lesin bayan la'asar, duk za ku ji suna tambayar awa nawa aka yi. Waɗanda suka tafi Kano neman aiki a masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai sun tarar da rajistar shiga da fita a bakin ƙofa, kuma daga cikinta ake fitar da kuɗin ƙarin lokaci. Wasunku ma daga ɗaki suke yi wa mutanen wata ƙasa aiki ta intanet, a biya su da dalar Amurka a kan kowace awa. Ko da babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya shafe ka, ranar da za a yi lissafi a bakin gona kai za a waiwaya a ce wa, "Kai ɗan boko, ɗauko wayarka ka buga mana." Daga wannan lokaci haƙƙin mutum biyu yana hannunka.

Abu guda nake so ku riƙe. Awa minti 60 ce, naira kuwa kwabo 100 ce, kuma kalkuleta ɗari ta sani, ba ta san sittin ba. Idan an yi aikin awa 7 da minti 45, mukan rubuta 7:45, da ɗigo biyu a tsakani. Wanda ya kalli wannan ya buga 7.45 a kalkuleta, da ɗigo ɗaya, wani abu daban ya rubuta. Ya gaya wa na'urar awa bakwai da kashi 45 cikin ɗari na awa, wato minti 27 kacal. Minti 45 kuwa kashi uku cikin huɗu ne na awa, don haka 7.75 ya kamata ya buga. Tsakanin ɗigo biyu da ɗigo ɗaya, minti 18 sun salwanta ba wanda ya gani.

Mu sa masa kuɗi, don sai da kuɗi ake jin zafin abu. A ce an ɗauki katafila a kan naira 40,000 kowace awa, ta yi wancan aiki na awa 7 da minti 45. Lissafin gaskiya shi ne 7.75 sau 40,000, wato naira 310,000. Wanda ya buga 7.45 zai samu 298,000. Naira 12,000 ke nan ta tafi a yini guda. Ko kuma a ce malamar lesin tana karɓar naira 1,200 a kan awa, tana koyarwa awa ɗaya da rabi kullum. Haƙƙinta 1,800 ne. In mai gida ya buga 1.30 maimakon 1.5, zai miƙa mata 1,560, ta karɓa ta yi godiya. Naira 240 ba ta isa a ɗaga murya a kanta ba, amma a kwana 20 ta zama 4,800. Da yayyafi kogi kan cika.

Ku lura da wani abu game da wannan kuskure: gefe ɗaya yake faɗawa. Duk lokacin da aka ɗauki mintin agogo aka ajiye shi bayan ɗigo ba tare da an juya shi ba, wanda ya yi aikin ne yake asara, kuma asarar ba ta canzawa: kashi 40 cikin ɗari na kuɗin mintocinsa. Minti 30 ya koma 18, minti 50 ya koma 30. Sai wanda aikinsa ya tsaya cif a kan awa ne kawai yake tsira. Shi ya sa kuskuren yake daɗewa a wuri ba a gano shi ba. Mai biya ba ya jin ciwo, ballantana ya bincika. Wanda ake biya kuma yana ganin na'ura ce ta faɗa, kuma a wurin mutanenmu na'ura ba ta ƙarya. Ban ce duk mai yin haka macuci ba ne. Mafi yawansu ba su ma san suna yi ba. Amma rashin sani ba ya mayar wa malamar nan kuɗinta.

An daɗe ana tsokanar mu da lissafin dokin Rano. Duk inda lissafi ya ƙi fita a ƙasar Hausa, sai a jingina mana. Bai kamata mu ƙara wa masu tsokana hujja ba.

Sittin ɗin nan gado ne daga mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, waɗanda suke ƙirga da sittin-sittin dubban shekaru da suka wuce. Ba wauta suka yi ba. Sittin tana rabuwa gida biyu, da uku, da huɗu, da biyar, da shida, da goma, da goma sha biyu, ba tare da saura ba. Ɗari kuwa ko gida uku ba ta rabuwa daidai. An taɓa yunƙurin kawar da ita. A 1793, bayan juyin juya halin Faransa, hukuma ta kafa doka cewa daga yanzu kwana ɗaya awa 10 ne, awa minti 100, minti sakan 100. Har agogon da ke tafiya a kan wannan tsari aka ƙera. Jama'a ba su karɓa ba, a 1795 aka janye tilascin. Mutanen da suka iya sauya wa duniya ma'aunin tsawo da na nauyi sun kasa da agogo.

A namu ɓangaren, kuɗi ne ya sauya. Ku tambayi kakanninku. Kafin 1973, fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kwabo 12, sisi kwabo 6, taro kwabo 3. Akawun kanti ko mai awon gyaɗa na wancan zamani in yana tara kwabbai, ba ya jira su kai goma ko ɗari. Suna kai goma sha biyu zai mayar da su sule, sulalla suna kai ashirin ya mayar da su fam. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana yin wannan da ka, a tsakiyar kasuwa, ana hayaniya. Ranar 1 ga Janairu 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka kawo naira da kwabo, aka ce naira ɗaya kwabo ɗari ce, fam ɗaya kuma naira biyu. Lissafin kuɗi ya yi sauƙi, kuma alheri ne. Sai dai ku da aka haifa bayan haka kun tashi ba ku san wani mataki ba sai goma da ɗari. Agogo ne kaɗai ya rage a rayuwarku da yake tafiya irin ta fam da sule, shi ya sa yake yi muku kwanton ɓauna.

Hanyar juyawa gajeriya ce. Ka bar awannin yadda suke, ka ɗauki mintocin ka raba su da 60, abin da ya fito ka liƙa shi a bayan awannin. Awa 5 da minti 24: 24 a raba da 60 ya ba da 0.4, ka samu 5.4. Sai yanzu za ka ninka da kuɗin awa. In kuma komawa za ka yi, ka ɗauki abin da ke bayan ɗigo ka ninka da 60. An ce maka 3.8, to 0.8 sau 60 minti 48 ne, awa 3 da minti 48 ke nan. Akwai 'yan lambobin da ya kamata su zauna muku a ka yadda lambar wayarku ta zauna: minti 15 shi ne 0.25, minti 30 shi ne 0.5, minti 45 shi ne 0.75, minti 20 kusan 0.33, minti 40 kusan 0.67. Wanda ya fi su amfani duka shi ne minti 6, don shi ne 0.1 daidai. Da shi kaɗai za ka iya hawa: minti 12 shi ne 0.2, minti 18 shi ne 0.3, har zuwa minti 54 da yake 0.9. Wanda ya riƙe wannan, kallo ɗaya zai yi wa takarda ya san ko an yi masa daidai.

Wurin tara ayyukan kwanaki da yawa nan ma ana faɗawa. A ce janareta ya yi awa 2 da minti 40 ranar kamu, awa 3 da minti 50 ranar ɗaurin aure, awa 1 da minti 45 ranar kai amarya. Mai gaggawa zai buga 2.40 da 3.50 da 1.45, ya samu 7.35. Yi shi irin na akawun dā: awanni daban, mintoci daban. Awanni 6 ne. Mintoci 135 ne, wato awa 2 da minti 15. Jimla awa 8 da minti 15, ko 8.25. Mai janareta ya kusa yin kyautar awa guda, ga mai da ya ƙona.

Akwai kuma inda kuskuren yake juyawa ya ciji mai biya, don kada ku ɗauka maganar ta masu ƙwadago ce kaɗai. Wannan yana faruwa ne wurin fitar da tsawon aiki daga lokacin farawa da na tashi. An fara da ƙarfe 7:40 na safe, an tashi ƙarfe 2:15 na rana. Da farko ka mayar da na ranar zuwa ƙirgen awa 24, ya zama 14:15. In ka buga 14.15 ka ɗebe 7.40, kalkuleta za ta ba ka 6.75. Lamba ce mai kyan gani, har ta yi kama da wadda aka riga aka juya, amma ƙarya ce. Daga 7:40 zuwa 8:00 minti 20 ne, daga 8:00 zuwa 2:00 awa 6, sai minti 15 a kai. Awa 6 da minti 35 ke nan, wato 6.58. An ɗora wa mai biya minti 10 da ba a yi masa ba. Hanyar da ba ta ɓata ita ce a mayar da komai minti: 14:15 minti 855 ne daga tsakar dare, 7:40 kuma 460, bambancinsu 395, a raba da 60. In an yi yarjejeniya cewa ba a biyan rabin awar salla da cin abinci, a cire 30 tun suna mintoci, saura 365, wato awa 6 da minti 5. A nan ma ga wani rami: awa 6 da minti 5 shi ne 6.08. Wanda ya rubuta 6.5 ya ce awa shida da rabi.

Masu noman rani a gefen Ruwan Kanya, da duk masu cin albarkar madatsar Tiga tun da aka gama ta a 1974, sun san ban ruwan dare. Masu gadi da ma'aikatan jinya ma sun san aikin da ake farawa yau a gama gobe. In an tayar da inji ƙarfe 10:30 na dare aka kashe ƙarfe 3:00 na asuba, sai ka ƙara 24 a kan lokacin kashewa: 27 a ɗebe 22.5, saura awa 4.5.

Yanzu ga inda na fi so ku nutsu, wato mitar inji. Tantan da katafila da manyan janaretoci suna da wata 'yar mita mai ƙirga awannin da injin ya yi yana aiki. A yawancinsu lambar ƙarshe, wadda takan zo da wani launi daban ko a bayan ɗigo, ba minti ba ce. Kashi ɗaya cikin goma ne na awa, wato kowace ɗaya minti 6. In direba ya iso mitarsa tana kan 1284.6, ya gama tana kan 1288.2, an yi awa 3.6. Wannan lamba an riga an juya ta, kai tsaye za ka ninka ta da kuɗin awa. Kada ka sake raba ta da komai. In kuma mai gona ya tambaye ka da bakin agogo nawa ke nan, awa 3 da minti 36 ne. Ba awa uku da minti shida ba ne, kamar yadda mai gona zai so, ba kuma awa huɗu ba ne, kamar yadda direba zai so.

Sannan mitocin ba iri ɗaya ba ne. Ta wutar lantarki tana ƙirgawa muddin injin yana kunne, ko yana huɗa ko yana tsaye a gindin ɗorawa direba ya tafi alwala. Akwai kuma ta tsofaffin taraktoci, wadda take bin juyin injin: in an taka shi sosai ta yi sauri, in an bar shi yana 'yar ƙara a tsaye ta yi nawa. Awarta ba ta zama daidai da ta agogo sai injin yana tafiya a kan wani gudu da masu ƙira suka ƙayyade. Saboda haka mutum biyu masu gaskiya za su iya saɓawa, ɗaya yana kallon agogon hannunsa, ɗaya yana kallon mita, kowa yana rantsuwa. Maganin wannan tun kafin a tayar da inji ake yin sa. Da wanne za a yi aiki, mita ko agogo? Tafiyar da injin ya yi daga gari zuwa gona, a wuyan wa take? In ya lalace a tsakiyar aiki ana gyara, ana ƙirgawa ko an tsaya? A ɗauki hoton mitar da waya kafin a fara, a sake ɗauka bayan an gama, kowa yana gani. Na san wani zai ce wannan rashin yarda ne, ga shi kuwa ɗan uwa ne ko suruki. Ni a ganina da ɗan uwa aka fi bukatar hoton, don baƙo in kun saɓa zai tafi, ɗan uwa kuwa kuna tare a wurin suna da jana'iza.

Sai maganar cikewa da yankewa. Ba kowace lamba ce take fita cif ba. Minti 20 shi ne 0.3333, ukun ba ta ƙarewa, dole a tsaya wani wuri. Ƙa'idata ita ce a bar lamba biyu bayan ɗigo, kuma in da hali kada a yanke sai a ƙarshen lissafi. Dubi dalili. Wanda yake yin ƙarin minti 20 kullum har kwana 30 ya yi minti 600, awa 10 cif. In ana rubuta masa 0.33 kowace rana zai tashi da 9.9, asarar ba ta da yawa. In kuwa akawu malalaci ne yana rubuta 0.3, zai tashi da awa 9, an cinye masa awa guda da sunan sauƙaƙa rubutu. Wasu wurare da gangan suke aiki da gutsure. Lauyoyi a Ingila da Amurka sukan caji mutum a kan gutsuren minti shida-shida, saboda kowanne 0.1 ne. A Amurka an yarda kamfani ya mayar da lokacin ma'aikaci zuwa rubu'in awa mafi kusa, minti 1 zuwa 7 a sauke, 8 zuwa 14 a cike, amma da sharaɗin cewa in an daɗe ana yi ma'aikaci ba zai tashi da asara ba. Wannan sharaɗi shi ne gaba ɗayan maganar. Inda za a zaftare wa mutum rubu'in awa don ya makara da minti uku, amma in ya wuce lokacin tashi da minti goma a ce bai kai a rubuta ba, wannan ba tsari ba ne, tauye mudu ne. Masu aiki ta intanet kuma su karanta ƙa'idar dandalinsu. Upwork, alal misali, da gutsuren minti goma-goma yake ƙirga aikin awa, kowanne kusan 0.17. A kuɗin dala ɗan wannan bambanci ba abin rainawa ba ne.

Mai albashin wata zai ce shi ba ruwansa. Da ruwansa, ranar da aka zo biyan ƙarin lokaci ko yankan fashi, don sai an san kuɗin awarsa. A Yulin 2024 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Nijeriya, gwamnatin Kano kuma ta sa nata a 71,000. Mu ɗauki na Kano, a kan aikin awa 40 a mako, daga Litinin zuwa Juma'a. Shekara mako 52 ce, wato awa 2,080, a raba wata 12, kowane wata ya tashi da awa 173.33. Raba 71,000 da wannan, awa ɗaya ta kama kusan naira 410. Wani ofishin kuma zai ce wata kwana 22 ne na aiki, sau awa 8, awa 176, sai awa ta koma kusan naira 403. Dukansu hanyoyi ne da ake bi, ba wadda take haram. Abin da ba ya halatta shi ne a ɗauki mai rage kuɗin awa ranar da za a biya ka, a ɗauki mai ƙara shi ranar da za a yanke maka. Ka tambayi mai lissafin albashi da wace lamba yake rabawa, cikin ladabi, tun watan farko.

Doka ma tana tare da mai tambaya. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 7, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takarda kafin wata uku su cika, mai bayyana albashinsa, da yadda ake lissafa shi, da awannin aikinsa. Sashe na 13 ya bar tsawon aikin yini ga abin da ɓangarorin biyu suka amince, ko abin da ƙungiyar ma'aikata ta daidaita da masu kamfani, ya kuma ce duk abin da ya haura wannan ƙarin lokaci ne. Ya ba wanda ya yi awa shida ko fiye hutun da bai gaza awa ɗaya ba a tsakiyar aiki, da hutun kwana ɗaya cikin bakwai. Amma bai yanke nawa za a biya a kan awar ƙari ba. Ninki ɗaya da rabi da kuke jin ana faɗa, sai in yana cikin yarjejeniyarku. Wanda bai sa an rubuta ba, ba shi da abin nunawa.

Ku da kuke koyon kwamfuta, ko a makarantar fasahar karkara da sana'o'i ta Rano ko a shagunan cikin gari, da masu fatan zama a ofishin kuɗi na sakatariyar Rano ko ta Kibiya, akwai tarko na musamman da ke jiranku a Excel. In ka rubuta 8:30 a cikin akwati, manhajar ba awa takwas da rabi take ajiyewa ba. Tana ajiye shi a matsayin yanki na kwana guda, wato kusan 0.354. Ka ninka wannan da kuɗin awa, za ka ga wani ɗan mitsitsin kuɗi da zai ba ka dariya. Sai ka fara ninka lokacin da 24, ka mayar da akwatin na lamba zalla, sannan 8.5 ta fito. Haka in kana tara awannin mako, suna haura 24 za ta koma farko kamar agogo, awa 41 ta nuna maka 17:00, sai ka sauya tsarin akwatin zuwa mai barin awanni su taru. Kuskuren bakin gona mutum ɗaya yake ci. Na wannan takarda, in ya shiga layin farko aka ja shi ƙasa, kowa da ke cikin jerin sai ya taɓa shi, wata bayan wata.

Ba sai na tsaya yi muku wa'azi ba, kun fi ni kusa da allo. Kun san akwai sura guda a Alƙur'ani, Muɗaffifina, da aka sa wa sunan masu tauye awo, kun kuma ji a karatun fiƙihu cewa ijara ba ta inganta sai an san ladan an san aikin ko wa'adinsa. Abin da zan ƙara kawai shi ne lokaci ma abin awo ne, kuma ya fi hatsi sauƙin tauyewa, don ba ya zuba a ƙasa a gani. Wannan ya hau kan ma'aikaci kamar yadda ya hau kan mai gida. Wanda ya sa hannu a rajista ƙarfe 8:00 alhali 8:25 ya shigo, ya ɗauki 0.42 na awa da ba nasa ba.

Ku sayi ɗan littafi na aljihu. Kowace rana a rubuta kwanan wata, lokacin farawa, lokacin tashi, hutun da aka cire, sai jimlar mintoci. A bar juyawa zuwa ɗigo sai ranar biya. Duk lambar da aka rubuta a nuna irinta: in ta agogo ce a sa ɗigo biyu ko a rubuta "awa" da "minti" ɓaro-ɓaro, in juyayya ce a sa ɗigo ɗaya. Takardar da ta cakuɗa su biyun, ko wanda ya rubuta ta ba zai iya warware ta bayan wata ɗaya ba.

Ranar da kuka ga an yi kuskure, kuma wanda ya yi shi ya haife ku, kada ku fara da maganar ɗigo, ba zai saurare ku ba, kuma za ku kunyata shi a gaban mutane. Ku bi ta kuɗi, inda ya fi ku ƙwarewa. A ce injin ban ruwa ne, naira 3,000 a kan awa, an yi awa 4 da minti 45, an buga an ce 13,350. Sai ka rage murya ka ce, "Baba, a gafarce ni, mu ɗan sake bi tare. Awa huɗu dubu goma sha biyu ke nan ko? Rabin awa fa?" Zai ce dubu ɗaya da ɗari biyar. "Rubu'in da ya rage fa?" Zai ce ɗari bakwai da hamsin, kuma kafin ka buɗe baki shi da kansa zai tara ya ce dubu goma sha huɗu da ɗari biyu da hamsin. Sannan ka goge abin da ke kan wayar, ka buga 4.75 sau 3,000 a gabansu, ka nuna wa mai injin da mai gonar 14,250, a cika wa mai injin naira 900 ɗinsa.